Ramin da Na Rufe da Zana

Aikina ɗibar yashi ne a kogin Binuwai, nan Garwa, ƙasa kaɗan da babbar gada. Tun ina saurayi nake yin sa. Da damina muna shiga kwale-kwale mu je tsakiyar ruwa, mu nutsa da bokiti mu ciko mu taso. Da rani kuwa, idan ruwa ya ja baya ya bar farin tudu har iya ganin ido, sai mu koma shebur da kwanon sarki. Kamiyo, wato babbar motar kaya, yana zuwa ya kwasa ya kai inda ake gini, can a haɗa shi da simintin da ake yi a garin Figil. Akwai gidaje da yawa a unguwar Pumpumre da idan na wuce ta gabansu na san yashin bangonsu ta kaina ya bi.

Kakana fatauci ya kawo shi daga wajen Kano, ya zauna. Mahaifiyata Bafulatana ce. Daga ɓangarorin biyu na gaji abu guda: ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Da aka haifa mini 'yar fari ni ma haka na yi. Ni na zaɓa mata suna, kuma tun ranar suna ban sake faɗinsa ba. Idan ina nemanta sai in ce "ke", ko in ce wa ƙannenta su kira mini yayarsu. Uwarta kuwa "yarinyar nan" take ce mata.

Ta tashi doguwa, ta fi ni tsawo tun tana lise, wato sakandare. A can ta fara ƙwallon raga, wadda yara ke ce wa boli. Wani rani malamin wasanninsu ya sauko da su bakin kogi, ya kafa sanduna biyu ya ɗaura raga, ya ce za su gwada irin ta kan yashi. Wannan mutum biyu ne kawai a kowane ɓangare, ba takalmi, ba mai canjin wanda ya gaji. Ɗaya tana tsalle a gaban raga ta tare ƙwallo, ɗaya tana tsaron baya. 'Yata ce mai tsallen. Abokiyar wasanta gajeriya ce, Kirista daga duwatsun arewa, mai saurin ƙafa da saurin baki. Matata ta ɗinka wa tamu dogon wando mai kama jiki da riga mai hannu, maganar sutura ta ƙare a nan.

Ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai da aka kira su Yawunde. Daga can suka tafi bakin teku a Kiribi, suka ci gasar ƙasa, kuma ba sau ɗaya ba. Aka ba su rigar ƙasa, suka hau jirgin sama zuwa wasu ƙasashen Afirka. Wasan ya zama shi ne sana'arta, da shi take ci take sha, har ta sauya mana kwanon ɗakin uwarta da ke yoyo. Ranar da ta kawo lambar yabo ta farko daga waje, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Na duba na ce, "To, madalla. Kin ci abinci?" Sai da kowa ya fita na ɗauko ta daga inda uwarta ta rataye, na daɗe ina juya ta a hannuna.

A bakin kogi abokan aiki ba sa bari na in huta. Sarkinmu na masu yashi, dattijo ne mai barkwanci, idan ya hango ni sai ya ce, "Ga uban zakaru nan. 'Yarka tana tsalle a kan yashi ana tafa mata, kai shekara talatin kana ɗaukarsa a ka ko sannu ba a ce maka ba."

"Wace 'ya?" in ce masa.

"Ji shi. Wace 'ya, wai. Cikinka fari tas, bakinka a ɗaure."

Wani rani, cikin tsakiyar zafi, suka dawo Garwa su yi sati uku da kocinsu. Gasar da ke gabansu a ƙasa mai zafi za a yi ta, shi ne kocin ya ce babu inda ya fi yashin Binuwai gasa tafin ƙafa. Suka kafa ragarsu nesa kaɗan da inda muke lodi. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, amma ni na san yashinsa ba shi da kyau. Sama-sama ne, ƙarƙashinsa busasshen laka ne da ɓawon katantanwa. Kwana biyu da farawa na shigo gida na tarar uwarta tana shafa mata man kaɗanya a gwiwoyi da gwiwar hannu, duk sun kurje. Na wuce ɗakina.

Washegari da na fito daga sallar asuba na ɗauki shebur da rariyar waya da kwano na sauka kogi kafin kowa. Kamar taki goma sha biyu bayan layin filinsu na san akwai lallausan yashi, irin wanda masu filasta ke nema, amma sai an haƙa ya kai ƙirji. Na haƙa, na tace, na yi ta jida ina bazawa a filin, na share sawuna da reshe.

Muna da doka a wurin aikinmu. Duk wanda ya bar rami zai kafa sanda a bakinsa ya ɗaura tsumma, don mai wucewa da shanun da ke saukowa shan ruwa. Kowa da irin tsummansa. Nawa shuɗi ne, daga tsohon zanen matata, babu wanda bai san shi ba a bakin kogin nan. Na tsaya da sandar a hannu ina tunani. Idan na kafa ta, kafin azahar kowa ya san ni ne na tashi da asuba ina gyara wa 'yar fari wurin wasa. Sarki zai yi shekara yana ba da labarin. Ita ma za ta ji. Sai na ajiye sandar, na jawo wata tsohuwar zana da masunta suka yar, na shimfiɗa a bakin ramin, na watsa yashi a kai har ya saje. Na ce a raina gobe zan ƙara ɗiba, jibi in cike shi. Wurin ba hanya ba ne, kuma yana can bayan layi.

Da yamma na ji gajeriyar tana cewa, "Wa ya kawo mana katifa? Koci, kai ne?" Kocin ya ce ba shi ba ne, wataƙila iska ce. Na sunkuyar da kai ina lodi, raina fes.

A rana ta uku da haƙa ramin, kafin in cike shi, bayan la'asar, mun gama kamiyon ƙarshe na zauna a kan kifaffen kwale-kwale kamar ina hutawa. Akwai 'yan kallo da dama, matan da suka gama wanki da 'yan matan lise da suka zo ganin gwanayensu. Aka bugo wata ƙwallo mai ƙarfi, gajeriyar ta faɗi ta tare ta da hannu ɗaya, ƙwallon ta tashi sama ta yi baya, ta fita filin. A wasan nan ba a barin ƙwallo don ta fita layi, matuƙar ba ta taɓa ƙasa ba ana bin ta. Ban san haka ba sai ranar. 'Yata ta juya ta bi ta a guje, idonta a sama.

Na ga inda ta nufa. Na miƙe. Akwai lokaci, wannan ba zan yi ƙarya a kansa ba, akwai lokacin da mutum zai kira suna a ji. Sunan ya zo mini har baki ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!"

Matan wanki biyu suka waiwayo. Ita ba ta waiwayo ba.

Ƙafarta ta dama ta burma cikin zanar, jikinta ya ci gaba da tafiya. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen kara. Ba ta yi ihu ba. Da muka ciro ta tana riƙe da gwiwar da hannu biyu, tana numfashi ta baki, tana kallon kocin. Shi kuma fuskarsa ta gaya mini abin da ban so sani ba.

Aka sa ta a mota aka tafi lopital, wato asibiti. Ni ban bi su nan take ba, na tsaya a wurin. Sarki ya zo ya tsuguna a bakin ramin, ya ɗaga zanar, ya daɗe yana duban bangon ramin. Ya sallami sauran, ya ce su je su tattara kayan aiki. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan yankan shebur ɗin bahago ne."

Mu biyu ne bahagwai a wurin, ɗayan kuma yana ƙauye wajen biki.

"Ina sandarka?" ya ce.

Ya saki zanar ya miƙe.

"Ni ba zan faɗa ba. Na ga yashin da ke filin, na san abin da ka yi nufi. Amma kai za ka faɗa mata da bakinka. Ɗauko shebur mu cike."

Kafin magariba gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Hoton ƙashi ya nuna babu karaya, uwarta ta yi ta hamdala. Yayar uwarta ta ce tunda ba karaya, a kai ta wurin wani mai ɗori a hanyar Figil, ya ja ƙafar ya ɗaure, sati biyu ta miƙe. Kocin ya ce ko kusa. Ya ce ba ƙashi ba ne, jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce, idan aka ja ta za a ƙarasa abin da ya rage. Likitan ma haka ya ce, ya ƙara da cewa sai an je Yawunde an duba da babbar na'ura. Na tambaye shi ko za ta taka. Ya ce za ta taka. Na ce tsalle fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan sai can.

Tun daga wannan ɗaga kafaɗar abinci ya daina wuce mini. Idan na ɗauki loma sai in ji ƙarar nan. Gasar da suka zo shiri dominta ta wuce su, wannan kowa ya sani. Abin da nake tsoro ya fi haka. Yarinyar nan ba ta da wata sana'a, ba ta da wani abin da ta sa rai a kai tun tana lise. Idan gwiwar ba ta koma ba, ni ne na raba ta da shi, da hannuna da sheburina.

Ni na raka ta Yawunde, da abokiyar wasanta. Muka hau bas zuwa Ngawundere da ƙafarta a miƙe a kan cinyata, duk ramin da motar ta faɗa sai ta cije leɓe. Daga can muka shiga jirgin ƙasa. Ban taɓa zuwa kudu ba. A lokacin ban iya karatun boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya, Faransancina kuma na lodi ne da ciniki. A babban asibitin gajeriyar ce bakina da kunnena. Likita zai yi magana mai tsawo, yana nuna hoto da biro, ita kuma ta juyo ta ce, "Papa, ya ce ba komai, za a gyara."

"Duk maganar nan da ya yi, ba komai kawai ya ce?"

"Sauran surutun likitoci ne, Papa."

Na matsa mata a waje, sai ta faɗa mini. Jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Za a yanka, a ɗebo wata daga ƙafar a dasa. Wasu suna komawa wasa bayan kusan shekara, wasu suna komawa ta sake tsinkewa, wasu ba sa komawa. Ta faɗa tana kallon ƙasa, ita da ba ta taɓa rasa abin dariya ba.

Ranar aikin da safe aka sa mata riga mai ɗauri ta baya, aka ce a jira masu tura gado. Gajeriyar ta fita neman ruwa. Na ji ana cewa akwai wanda ake sa wa maganin barci bai farka ba. Na ga idan ban faɗa yanzu ba, wataƙila ba zan samu faɗa ba. Na matso kusa da gadon.

"Ke. Ramin nan ni na haƙa shi."

Ta juyo da kai.

Na gaya mata duka, kurjewar gwiwarta, asubar, rariyar, sandar da na ajiye, zanar. Ban ɗaga ido ba sai da na gama.

"Yashin nan mai laushi, kai ne, Baba?"

"Ni ne."

"Kana wurin lokacin da na bi ƙwallon?"

"Ina kan kwale-kwale."

"Ka ga inda na nufa?"

"Na gani."

"Me ka ce?"

"Na ce ke."

"Baba, mu mata nawa ne a wurin?"



"Da ka kira sunana da na tsaya," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mai da fuskarta bango, masu turawa suka shigo suka tafi da ita.

Na zauna a benci a bakin wata ƙofa mai ƙyaure biyu. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe, ya wuce ni. Na yi ta jan carbi ina ɓata lissafi ina sakewa. Azahar ta yi ban iya tashi neman wurin salla ba, ina tsoron a fito neman uban yarinya a tarar ba ya nan. Da aka fito da ita idonta a rufe, leɓenta ya bushe, na sa bayan hannuna kusa da hancinta sai da na ji ɗumin numfashi. Mai turawar ya yi mini magana da Faransanci yana dariya. Gajeriyar ta ce, "Wai ka kwantar da hankalinka, tsoho, ba a mutuwa da gwiwa."

Muka dawo Garwa da sandunan dogarawa biyu da takardar motsa jiki. Tana gaishe ni safe da yamma yadda ta saba, ba ta rage ladabi ko kaɗan ba, amma daga gaisuwa ba ƙari. Ba ta gaya wa uwarta ba, ni na gaya mata. Matata ta dafe kai ta ce, "Kai da kunyarka." Amma ta san da ita ce a kan kwale-kwalen nan, abin da zai fito daga bakinta ke nan.

Damina ta shigo, muka koma nutso. Da na dawo gida nakan same ta a tabarma tana ƙoƙarin lanƙwasa ƙafar, gumi yana zuba, ƙafar ta rame ta zama rabin 'yar'uwarta. Ina satar kallo in shige. Wata rana na ji ta faɗi a bayan ɗaki, na fito a guje ba hula. Ta ce santsi ne, ba gwiwar ba ce. Ranar ban je aiki ba, na zauna a zaure.

Da ruwa ya fara ja, mai duba ta a lopital ya ce abin da ya fi mata yanzu shi ne tafiya cikin ruwa mai kai ƙugu. Na san wuri, can sama da gada, inda ƙasan ruwan ke da tauri kuma a shimfiɗe. Muna zaune a tsakar gida na ce wa ƙanwarta, "Gaya wa yayarku idan tana so, akwai wurin da zan kai ta."

"Baba, ga ni nan zaune," ta ce. "Gaya mini."

Na gaya mata.

Kullum da hantsi, bayan lodin farko, nakan ɗauke ta a kwale-kwale. Ni ke shiga ruwan tukuna da gora, in bi layin da za ta bi ina soka ƙasa taki bayan taki, don masu nutso suna barin ramuka a ƙarƙashin ruwa kuma waɗannan ba a kafa musu sanda. Sannan ta sauko ta biyo ni. Ido ɗaya a kan ƙafarta, ɗaya a kan ruwa, saboda dorina tana hawowa wajen idan ta ga dama. Sau ɗaya muka ga kunnuwa biyu sun ɓullo can tsallake. Na ce ta koma jirgi maza. Ta ce saura zagaye biyu. Na tsaya tsakaninta da tsallaken da gorata, wadda na san ba za ta hana komai ba, har ta gama.

A cikin jirgin nan magana ta fara dawowa, kaɗan-kaɗan. Ta gaya mini yadda teku yake da gishiri har ido ya yi zafi. Ta nuna mini alamun da suke yi da yatsu a bayansu kafin a buga, yatsa ɗaya zan tare nan, biyu zan tare can. Maganar ramin ba mu sake yin ta ba. Wata rana ta ce kocin ya kira. Ya ce ba zai iya ajiye gajeriyar ba abokiya fiye da wannan ranin ba. Zai zo ya gani da idonsa, idan ƙafar ta ɗauka shi ke nan, idan ba ta ɗauka ba zai haɗa ta da wata.

"Ta ɗauka?" na ce.

"Gudu ta ɗauka. Tsalle kuwa, ina yi a gaban mai duba ni. Amma a kan yashi, da ƙwallo a sama, ban sani ba, Baba. Idan na zo tashi sai in ji kamar ƙasa za ta buɗe."

Ranar da za su zo na sauka kogi da rodin ƙarfe, na bi filin da kewayensa ina sokawa, har taki talatin ta kowane gefe. Sarki ya zo ya tsaya yana kallo.

"Zinariya kake nema?"

"Rami nake nema."

"Mai haƙa mana rami a ɓoye mutum ɗaya ne a kogin nan, kuma ga shi riƙe da rodi." Ya karɓi rodin ya ce in zauna kafin in faɗi, shi ya ƙarasa ɗaya gefen.

Bayan la'asar aka ɗaura raga. Kocin ya sa su gudu, ya sa su faɗuwa a yashi su tashi, duk ta yi. Sannan ya tsaya a kan akwati a ɗaya gefen ragar da ƙwallo a hannu, ya ce ta taso ta tare. Ta taso, ta tare, ta sauka. Na saki numfashi. Amma kocin ya girgiza kai. Ya ce a kan ƙafar hagu kaɗai take sauka, tana ɗage ta daman kamar kaza a ruwa. Ya ce haka za ta kashe mai lafiyar ma cikin wata biyu. Ya ce ta sake, ta sauka a kan biyun.

Ta sake, ta ɗage. Ta sake, ta ɗage. Sau biyar. Ya sauko daga akwatin ya tsaya yana kallon kogi, hannunsa a ƙugu.

Gajeriyar ta zo ta tsaya a gabanta, kanta bai wuce kafaɗar 'yata ba. Ta ce, "Ke raƙuma, saurara. Wadda za a haɗa ni da ita tana cin tafarnuwa da safe, kuma ba ta iya Hausa ba, da wa zan yi gulmar koci? Shekara guda ina jiran ki. Ƙafar nan likita ya ɗinke ta da kyau, na gani da idona, ta fi tawa. Sauka a kanta ko in hau ki in sauke ki."

'Yata ta yi dariya, ta share fuska da gefen riga. Ta ce wa kocin kada ya hau akwati, a ɗago mata ƙwallo ta buga, kamar a wasa. Gajeriyar ta ɗago ta sama kusa da raga. Ta ja baya taki uku, ta taho, ta tashi. Na ji ƙarar bugun. Ban ga inda ƙwallon ta faɗa ba, ƙafafunta nake kallo. Suka sauka tare, yashi ya tashi, gwiwoyin suka lanƙwashe har ta kusa zama. Ta tsaya a haka, a tsugune, kanta a ƙasa. Na kama hannun Sarki ban sani ba, sai daga baya ya nuna mini shaidar farcena.

Ta miƙe a hankali. Ta taka ta daman, ta ƙara takawa. Ta dubi gajeriyar ta ce, "Wannan ɗagowar ta yi ƙasa. Sake."

Suka yi ta yi har rana ta yi ja. Sai da suna kwance raga kocin ya ce su shirya kaya, jibi za su wuce Ngawundere.

Ta koma wasa. An sake ba su rigar ƙasa, sun sake fita waje, ta kawo wata lambar da uwarta ta rataye kusa da sauran. Ta ce tsallenta bai kai na da ba, ta koyi karanta hannun mai bugu don ta cike gibin. Gwiwar tana kumbura idan wasa ya yi tsanani, tana ɗaure ta da ƙanƙara. Likitan ya ce tana iya kai ta shekaru, tana iya tsinkewa gobe, babu mai ba da tabbaci.

Idan suna wasa a wani wuri ƙanwarta tana kamo shi a waya, mu taru a tsakar gida. Ina kallon gudu, ina kallon faɗuwa a yashi, duk ba ya damuna. Amma da na ga ta ja baya taki uku, sai idona ya sauka kan tabarma. Ina jin ƙarar bugun, ina jin 'yan kallo, ba na ɗagowa.

"Ta miƙe?" in tambaya.

"Ta miƙe, Baba. Har an ci gaba."

Sannan in ɗago in ci gaba da kallo, har zuwa tsalle na gaba.